Ziyarar Fadamar Haɗeja: Me Ke Kawo Tsuntsaye Daga Turai?

Gabatarwa

Manomi a Maigatari ko Gumel ya san cewa idan shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari, damina ta ƙarato. Da kaka ta yi, sai ta koma kudancin Afirka. A daidai lokacin da take barin ƙasar Hausa ne wasu baƙin tsuntsaye suke isowa daga Turai, kuma babban masauƙinsu yana nan kusa, wato fadamar Haɗeja da Nguru.

Dalilin Zuwansu

Kogin Haɗeja da na Jama'are kan yi ambaliya wajen Agusta da Satumba. Idan ruwan ya fara janyewa, sai ya bar tafkuna cike da kifi, ƙwari da 'ya'yan ciyayi. A wannan lokaci hunturu yana daskarar da ruwaye a arewacin Turai, abinci ya yi wuya. Saboda haka agwagin daji da wasu tsuntsayen bakin ruwa sukan tara kitse a jikinsu, su ƙetare hamadar Sahara da shi a matsayin guzuri. Sukan zauna har wajen Maris, tare da 'yan gida irin su ɗinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela.

Inda Za a Gan Su

Wuri mafi kusa shi ne dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sanya cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Akwai kuma Dagona a Jihar Yobe, wani yanki na gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989.

Yadda Ake Kallo

Malamin da zai kai ɗalibai ya zaɓi Disamba ko Janairu, a isa da sassafe tare da ma'aikacin gandun. Ɗalibi ya guji farin kaya da hayaniya, ya ba rana baya, ya rubuta siffar baki, tsawon ƙafa da launin kowane tsuntsu. Bakin tsuntsu shi ke bayyana abincinsa.

Matsalar Da Ake Fuskanta

Madatsar ruwa ta Tiga (1974) da ta Challawa (1992) sun sauya yadda ambaliya take zuwa, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ruwan da ke ciyar da tsuntsu shi ne dai ke ciyar da masunci, makiyayi da mai noman shinkafa. In ya ƙafe, duka za su rasa.

Tambayoyi

1. Me ya sa shamuwa da baƙin Turai ba sa zuwa lokaci guda?
2. Wace alaƙa ke tsakanin madatsar Tiga da tsuntsayen Baturiya?