Amsar Tambaya: Jitar Da Ta Dace Da Wasa A Gaban Taro

Jita mai kogon katako da ake haɗawa da lasifika tana ɗauke da ƙaramar na'ura a ƙarƙashin mazaunin tsirkiya, wadda ke ɗaukar girgizar sauti ta tura wa amfilifaya. Yawancinsu suna aiki da batir mai bolt 9, kuma idan ya yi sanyi sautin yakan shaƙe, shi ya sa makaɗi ba ya rabuwa da na ajiya.

Babbar matsala a wajen biki ita ce kuwwa. Jita mai faffaɗan ciki tana amsa ƙarar lasifika har ta ɓarke da ihu. Mai siririn jiki, irin Yamaha APX, ta fi natsuwa, kuma murfin roba a bakin ramin jitar yana taimakawa.

A garuruwa irin Parakou da Djougou akwai kuma batun hunturu. Busasshiyar iskar Disamba zuwa Fabrairu tana iya tsaga katakon gaban jita ɗan asali, shi kuwa mai falle-falle da aka manne ya fi juriya, ko da zaƙin muryarsa bai kai ba. A lasifika bambancin kaɗan ne.

Kafin biyan kuɗin jitar, a jona ta da lasifika, a ɗaga murya, a murza kowane maɓalli a saurari ƙaraf-ƙaraf.