Daga Kagoma, Ina Mai Fatsa Zai Dosa?

Tambaya: A Kafanchan nake aiki, gidana kuma a Fadan Kagoma. Na sayi ƙugiya da zare don in riƙa kamun kifi ranar Asabar, amma duk inda na zauna sai in tashi hannu rabbana. Wane wuri ne ya dace, wanda ba sai na yi doguwar tafiya ba?

Amsa: Malam, kafin ka ɗora wa ƙugiyarka laifi, dubi irin ƙasar da kake zaune. Yankin Jama'a tudu ne a gindin tsaunukan Filato, wato nan ruwa ke tasowa ya gangara wa mutanen kudu. Rafukan da ke sauka daga duwatsun Kagoro da kewayen Kafanchan suna bi ta Kogin Kogum su nufi Mada, daga can su faɗa Binuwai. Irin wannan ruwa da damina gudu yake, ja wur da laka, da rani kuma ya tsinke ya bar gurabu nan da can. Saboda haka lokacin zuwa ya fi sunan wuri muhimmanci.

A Agusta da Satumba ka bar kogi ya huta. Kifi ya watsu cikin fadamu yana ƙwai, abinci ya ishe shi, ga haɗari: ana iya tafka ruwa a kan dutsen Kagoro alhali rana na haskawa inda kake, sai dai ka ga rafi ya taso maka. Lokacinka yana farawa daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ja baya ya soma washewa, kifi ya taru a gurbi da ƙibarsa. Idan hunturu ya kankama cizo yana raguwa da safe, sai ka koma zuwa da la'asar.

Mafi kusa da kai su ne rafukan fadamun Kagoma ɗin, waɗanda kake wucewa a babur ba ka ko waiwaya. Nemi inda rafi ya yi kwana ya ci gindin gaɓa, ko ƙarƙashin gada, ko inda itace ya faɗa ruwa. Tarwaɗa tana son duhu da laka, karfasa kuma tana kiwo a bakin ciyawa inda rana ke taɓawa. Idan kana son ruwa mai ɗan girma, ka bi Kogum ta wajen Jagindi. Gurabunsa sun fi zurfi, sukan riƙe ruwa har bazara, kuma akan dace da kurungu a tsakanin duwatsu. Yi hattara da ƙayarsa wajen cire ƙugiya.

Na san za a ce maka ka tafi Matsirga, kusa da Madakiya. Je ka kallo da iyali, wurin ya cancanta, ruwa ne ke zubowa daga tsayin da ya wuce mita 20. Amma gindin magangarar ba wurin fatsa ba ne: duwatsun suna da santsi, ruwan yana juyawa, ga hayaniyar 'yan yawon buɗe ido. In ka nace, gangara ƙasa sosai inda ruwan ya lafa. Madatsar Gurara ta wajen Kachia da Kagarko kuwa akwai kifi na gaske, sai dai tafiya ce ta yini guda, kuma sai ka haɗa kai da masu kwalekwale.

Akwai kuma wani dalilin tashi hannu rabbana da ba a cika faɗa ba. Gurbi yana iya yin kyau a ido amma babu ko ɗan rajiya a ciki, domin an riga an zuba masa guba. Da can magimfa ake dakawa, daga baya aka koma Gamalin, yanzu har da ragowar maganin feshin gonar citta da masara da ake wanke tankinsa a rafi. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma wa ke tsaron rafi a ƙauye in ba mutanen ƙauyen ba? Don haka ka fara da gaida mai unguwa. Wasu gurabun suna da masu su, ko ranar da gari ke fita su tare, kuma mutanen ƙauyen ne za su gaya maka wanda aka lalata bana. Ka ga kifi yana yawo ciki sama ko kwaɗi sun mutu a gaɓa, naɗe zarenka, kada ka kai ko ɗaya gida.

Ƙugiya ƙarama za ka sa, yawancin masu koyo babba suke saye. Tana ta ishi tarwaɗa, gara ko ɗan curin tuwo ya ishi karfasa, ka watsa dusa kaɗan ka jira. Kada ka tafi kai kaɗai, ka baro daji kafin magariba. Ka kuma rage tsayawa cikin ruwan da ba ya gudu, inda dodon koɗi ke yaɗa tsargiya. In ka ga jini a fitsari, ka je asibiti a gwada ka, akwai maganinta.