Zumunci a Ƙafa Yake: Darasi a Kan Ƙulla Hulɗar Kasuwanci a Wurin Taro

Gabatarwa

Mu ɗaliban da muka koyi Hausa a aji, akwai tambayar da iyaye da abokai ba sa gajiya da yi mana: "To, in ka gama, me za ka yi da Hausar?" Amsar da muka saba bayarwa ita ce koyarwa, ko aikin jarida, ko fassara, ko tafinta tsakanin 'yan kasuwa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kafin a danƙa wa mutum ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, sai wani ya san shi, ya kuma yarda da shi. Wannan maƙala za ta duba yadda ake ƙulla irin wannan sanayya a wurin taro, da darasin da za mu ɗauka daga fataken Hausawa, da kuma kalmomi da maganganun da ɗalibi yake bukata a bakinsa idan ya shiga cikin jama'a.

Idon sani da amfaninsa

Bahaushe ya bambanta mutanen da ke kewaye da shi. Akwai ɗan'uwa, akwai amini, akwai aboki, sannan akwai wanda ake kira idon sani, wato wanda kuka taɓa haɗuwa, kuna gaisawa, amma ba ku shaƙu ba. A ganin mutane da yawa wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙarancin amfani. Bincike ya nuna akasin haka.

A shekarar 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka mai suna Mark Granovetter ya buga sakamakon nazarin da ya yi a garin Newton, kusa da Boston. Ya tambayi ma'aikatan da suka sami sabon aiki ta hanyar wani mutum, ko sau nawa suke ganin mutumin. Ƙasa da kashi 17 cikin 100 ne suka ce suna ganinsa a kai a kai. Sauran duk sun ce jefi-jefi ne, ko kuma da wuya su haɗu. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Amininka, inda kake zuwa nan yake zuwa, labarin da ka ji shi ya ji. Idon sani kuwa yana zaune ne cikin wasu mutane dabam, saboda haka labarin da zai kawo maka sabo ne. Wurin taro kuma shi ne inda ake samun idon sani.

Yadda fatake suka yi

Tun kafin zuwan Turawa, fatake suna tashi daga Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa su nufi Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke cikin ƙasar Gana ta yanzu, domin sayen goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni, cikin ayari, ƙarƙashin jagorancin madugu. A kowane zango akwai fatoma, wato mai masauki, wanda zai sauki baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. Farken da bai san kowa a gari ba, ta hannun fatoma yake shiga kasuwa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da wannan fataucin goro ya fara kafin ya shahara a cinikin gyaɗa.

Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, sai wannan tsari ya ƙara kafuwa a nan Kudu. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, kuma wani manazarci mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta ya rubuta littafi a kanta, wanda ya fito a 1969. Ya bayyana yadda cinikin shanu yake gudana. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka a wurin mai gida. Dillalan mai gidan su ne za su sayar da shanun ga mahauta Yarbawa, galibi bashi, ba tare da wata takardar yarjejeniya ba, dillali ya karɓi la'adarsa. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai ɗauki asarar, domin shi ya tsaya. Wannan ya sa dole mai gida ya san kowane mahauci: wane ne mai cika alkawari, wane ne ake binsa bashi a wani wurin. Wato jarinsa na gaskiya shi ne sanin mutane.

Abin lura a nan shi ne, baƙo ba ya samun amana kai tsaye. Aron ta yake yi daga wanda aka riga aka yarda da shi, har zuwa lokacin da zai tara tasa.

Wuraren taro a yau

A yau wuraren haɗuwa sun ƙaru. Akwai bikin baje koli na duniya da ake yi a Legas, wanda aka fara a 1977, da na Kaduna wanda aka fara a 1979. Akwai tarurrukan ƙara wa juna sani a jami'o'i, da bukukuwan ƙaddamar da littattafai, da makon Hausa na ɗalibai. Akwai kuma kasuwanni irin su Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan, inda kayan abinci daga Arewa suke sauka, ake kuma jin Hausa da Yarbanci da Turanci a rumfa ɗaya. Ban da waɗannan, ga tarurrukan al'ada: suna, da ɗaurin aure, da gaisuwar Salla. Bahaushe yana lura da wanda ya zo masa sha'ani da wanda bai zo ba, shi ya sa ya ce zumunci a ƙafa yake.

Matakai huɗu

Mataki na farko shi ne shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka san wane ne ya kira taron, su wa za su zo, wace sana'a suke yi. Ka kuma shirya jimla biyu ko uku da za ka gabatar da kanka da su, domin mai koyon harshe yakan ruɗe idan an tambaye shi ba zato.

Na biyu, gaisuwa. A nan ne mu masu koyo muka fi yin tuntuɓe. Na taɓa shiga wata rumfa a wurin baje koli, ta wani dattijo mai sayar da kayan fata, ina zumuɗin in nuna na iya Hausa. Da shigata sai na ɗauki jaka na ce, "Nawa ne wannan?" Ya dube ni ya ce, "Samari, ba a gaisawa?" Nahawuna daidai ne, amma na faɗi jarrabawar. Tsarin shi ne: sallama, sannan "ina kwana" ko "ina wuni", sannan a tambayi gajiya da iyali, sannan "yaya kasuwa?" Babba ana kiransa da "ku", a haɗa da laƙabin da ya dace: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Yallaɓai. Mai sarauta ko babban mutum a ce "ranka ya daɗe", malami a ce "Allah ya gafarta Malam". Ka bari babba ya fara miƙo hannu, kada namiji ya miƙa wa mace hannu, kuma kada ka ba da kati ko ka karɓi wani abu da hagu.

Na uku, a gabatar da kai. Ya fi kyau ka sami wanda ya san ku duka biyu, kamar yadda farke yake neman fatoma. Idan mutum ya ce, "Alhaji, ga yaronka," ko "wannan ƙanena ne," ba dangantakar jini yake nufi ba. Cewa yake yi ya tsaya maka. Ka sani daga wannan lokaci duk abin da ka yi, mai kyau ko maras kyau, sunansa zai shafa.

Na huɗu, bibiya. Karɓar lambar waya somin taɓi ne. Bayan kwana biyu ka buga ka gaishe shi, ka tuna masa inda kuka haɗu, ba tare da ka roƙi komai ba. Idan ka yi alkawarin turo wani abu, ka turo, domin kyan alkawari cikawa. Idan ka ji an yi masa haihuwa ko rasuwa, ka je in da hali.

Misalin hira

Ga yadda irin wannan haɗuwa takan kasance tsakanin malami, da ɗalibinsa, da wani ɗan kasuwa:

Malami: Alhaji, ga yaronka. Ɗalibina ne, Hausa yake karantawa.
Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ina wuni? Kun zo lafiya? Yaya hanya?
Alhaji: Lafiya lau. Ikon Allah! Kai Bayarabe ne, kake jin Hausa haka?
Ɗalibi: Ina dai koyo, ranka ya daɗe. Yaya kasuwa?
Alhaji: Kasuwa alhamdu lillahi. Sai dai wahalar yare, masu sayen kayanmu da yawa ba sa jin Hausa.
Ɗalibi: Ina jin Yarbanci da Turanci. In akwai takardar da kuke so a fassara, ku turo ta hannun Malam, zan duba.
Alhaji: To, madalla. Karɓi lambata.
Ɗalibi: Na gode. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya mai da ku gida lafiya.

A lura da abubuwa uku. Ɗalibin bai yabi kansa ba da aka yaba masa. Bai ce yana neman aiki ba, sai da ya saurari matsalar Alhaji sannan ya nuna inda zai yi amfani. Haka kuma ya bar malaminsa a tsakiya, bai tsallake wanda ya gabatar da shi ba.

Kurakuran da za a guje wa

Kada a kawo zancen ciniki a wurin ta'aziyya. Addu'a ake yi a tashi. Kada a mai da kowace gaisuwa roƙo, domin da zarar an gane gaisuwarka da biyu ce, za a daina ɗaukar wayarka. Kada a raina yaran kanti da direbobi, su ne suka san lokacin da ake ganin mai gida. Sannan a bambanta sanayya da alfarma. Sanayya takan sa a ji labarinka a kuma gwada ka. Idan aka ba ka fassara ka ɓata, ka jawo wa kanka da wanda ya kawo ka kunya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kammalawa

Mun ga cewa labarin aiki da na ciniki ya fi zuwa ta hannun idon sani, kuma fataken Hausawa sun daɗe da gina kasuwanci a kan wanda ya tsaya wa wani. Ɗalibin da ke jin Hausa da harshensa na gida yana da abin da 'yan kasuwar Arewa da na Kudu suke bukata, amma sai ya fita daga aji an gan shi.

Aikin gida

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin waɗannan kalmomi: fatoma, dillali, madugu, mai gida.
2. Yi amfani da kowace ɗaya cikin jimla: la'ada, lamuni, amana, kafin alƙalami, idon sani.
3. Sake rubuta hirar da ke sama, ka mai da Alhaji ya zama Hajiya, ka gyara duk wakilan suna da laƙabin da ya kamata.
4. Je kasuwa mafi kusa da kai cikin wannan mako, ka gaisa da ɗan kasuwa Bahaushe, ka koma bayan kwana bakwai ka sake gaishe shi. Rubuta bambancin da ka gani tsakanin tarbar farko da ta biyu.