DARASIN WATA: Me Ya Sa Kaya Ke Tsada?

Darasinmu na wannan wata a kan hauhawar farashi yake. Duk wanda ke cin kasuwa a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ya san kuɗin da ya sayi tiyar gero a shekarar 2019 yanzu bai kai ko'ina ba. Za mu duba ma'anar abin, da dalilansa, da irin lissafin da ya kamata manomi ya riƙa yi.

Mene ne hauhawar farashi?

Idan kuɗin tumatir kaɗai ya tashi da bazara, wannan tsadar lokaci ce, tana wucewa. Amma idan abinci da tufafi da magani da kuɗin mota suka tashi gaba ɗaya, suka ci gaba da tashi, to, shi ake kira hauhawar farashi. Ma'anarsa ita ce naira ta rage ƙarfi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato abin da aka saya naira 100 a ƙarshen 2023, bayan shekara ɗaya ya koma kusan naira 135.

A lura da kyau: in rediyo ya ce hauhawar ta ragu, yawanci yana nufin gudun tashin ne ya ragu. Tamkar mota ce da ta rage gudu amma ba ta tsaya ba.

Dalilai daga waje

Na farko, cutar korona. Ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020. Aka rufe kan iyakokin jihohi, masana'antun duniya suka tsaya, kuɗin dakon kaya a jirgin ruwa ya ninka. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta sa a kan cutar. Duk da haka akwai waɗanda suka warke amma gajiya da sarƙewar numfashi suka bi su wata da watanni. Magidancin da bai iya kama fartanya, gidansa duka ne ke jin jiki.

Na biyu, yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022. Ƙasashen nan biyu manyan masu sayar wa duniya alkama ne, Rasha kuma tana gaba wajen fitar da takin zamani. Nijeriya tana sayen yawancin alkamarta daga waje, haka ma wasu sinadaran haɗa taki. Ta nan yaƙin ya iso teburin mai shayi a Gusau da gonar masara a Tsafe.

Na uku, juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023. An rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024, cinikin dabbobi da wake ya samu cikas.

Dalilai daga gida

A farkon 2023 an sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Manoma da yawa sun karyar da hatsi da dabbobi don su samu tsabar kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanka wa naira daraja. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a 2024.

Mu a Zamfara akwai ƙari, wato matsalar 'yan bindiga. Gonaki da yawa sun kwanta ba a noma su ba. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtua ta Tsafe yana sa kasadar hanya cikin kuɗin dako, mai saye ne kuma ke biya.

Lissafin manomi

Nan ne zuciyar darasin. Manomi mai sayarwa ne, kuma mai saye ne. Saboda haka kada yawan nairori ya ruɗe shi. Ya tambayi kansa: buhun masarata ɗaya, buhun taki nawa zai saya?

Ga misali don lissafi kawai. A ce bara buhun masara naira 20,000 ne, taki 10,000. Buhu ɗaya ya sayi taki biyu. Bana masara ta koma 30,000, taki ma 30,000. Manomi ya karɓi ƙarin naira 10,000, amma buhunsa taki ɗaya kaɗai zai saya. Ashe baya ya ci.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga shawarwari:

1. A rubuta duk abin da aka kashe a gona: iri, taki, ƙwadago da dako.
2. A ware abincin shekara kafin a kai komai kasuwa. Wanda ya sayar duka da kaka, da tsada zai sayo da damina.
3. A haɗa takin gida da na zamani, a kuma shuka wake ko gyaɗa ko waken soya, domin suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.
4. A kafa ƙungiya a sayi taki a sari, a yi hayar mota ɗaya.
5. Mai fama da doguwar gajiya ko tari ya je asibiti tun da wuri.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tsadar lokaci da hauhawar farashi?
2. Kawo dalilai biyu daga waje da biyu daga gida.
3. In masara naira 45,000 ce, taki 30,000, buhun masara nawa zai sayi taki buhu uku?

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.