Mutum Ɗaya ko Ƙa'idar Kowa?

A 1894 masanin falsafa Bajamushe, Wilhelm Windelband, ya raba bincike gida biyu: mai neman ƙa'idar da ta game kowa, da mai zurfafawa cikin abu guda. Gordon Allport ya yaɗa rabon cikin ilimin halayyar ɗan Adam a 1937.

Rabon ya shafe mu. Ƙa'ida ta ce Hausar yamma tana furta "hwari" da "tahi" inda Kano ke cewa "fari" da "tafi". To amma ɗan kasuwar Birnin Konni yakan sauya furucinsa gwargwadon abokin ciniki. Mai ƙidaya zai watsar da wannan a matsayin kure. A ganina, nan sauyin harshe ke somawa. A naɗi maganar mutumin a kasuwa da cikin iyalinsa kafin a shiga lissafi.