Ina son tuƙa jirgin feshi, Baba zai sayar da fadama

Shekarata 22, na gama difloma a fannin aikin gona. Gidanmu manoman shinkafa ne a yankin Haɗeja. Duk shekarar da tsuntsayen jan baki suka addabi gonaki aka turo jirgin feshi, nakan bi shi da kallo har ya ɓace, kuma tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce in tuƙa shi. Mahaifina ya ce in da gaske nake, zai sayar da fadamarmu ya kai ni makaranta. Mahaifiyata ta ce atafau, aikin ganganci ne. Ni kuwa ban ma san ta ina ake farawa ba. Mene ne shawararka?

Ɗanka, daga Haɗeja

Ɗana, ka roƙi Baba ya dakata da maganar fadamar nan tukuna.

Fara da abin da ya fi araha: gwajin lafiya wajen likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi. Za a duba ido, har da bambance launi, da ji da zuciya. In an faɗi nan magana ta ƙare, ba a yi asarar ko kadada ɗaya ba. In ka haye, sai Kwalejin Horar da Matuƙan Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko ta Ilori. Lasisin farko yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, na neman kuɗi kuma awa 150 zuwa 200, gwargwadon tsarin karatun. Kuɗin miliyoyi ne masu kauri.

To, ko ka riƙe lasisin a hannu, ba ka zama mai feshi ba. Jiragen wannan aiki, irin Air Tractor da ake ƙerawa a Texas, galibi kujera ɗaya gare su, ba malamin da zai zauna kusa da kai. Ƙaramar tayarsu a wutsiya take, saukarsu da tashinsu sai an sake koyo. Ana tafiya kamar mita uku bisa amfanin gona, da tanki cike da magani, a kai ƙarshen gona a ɗaga a juyo, haka wuni guda. Wayar wuta da ba ka hango ba, ta isa ta kayar da kai. Feshin jan baki kuwa da magariba ake yi, sa'ad da suka koma makwanci, haske yana ƙarewa. Ga gubar kanta, wadda ta sa ake auna jinin masu aikin a kai a kai. Don haka kada ka raina maganar Inna. Wannan horo na biyu, na feshi, sai ka nemo shi a Amurka ko Brazil ko Afirka ta Kudu, da dala.

Abin da ya fi damuna shi ne wa zai ɗauke ka. Jirgin feshi na son gona shimfiɗaɗɗiya mai ɗaruruwan kadada, kamar gonakin audugar Jazira a Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe suna noma kafin yaƙin 2023 ya dagula ƙasar. Namu gonakin ƙanana ne, ga kuka ga ɗorawa a tsakiya, ga gari a gefe. Aikin da ake samu yawanci kwangilar gwamnati ce ta jan baki ko fara, mako kaɗan a shekara. Ko a Amurka, sabon shiga yakan fara ne a ƙasa, yana haɗa magani yana loda tanki, kafin a amince masa da jirgi.

Diflomarka ita ce jarinka yanzu. Ka nemi masu feshi da ƙaramin jirgi mara matuƙi, wanda ya dace da gonakinmu, ka yi damina biyu da su. Za ka koyi awon magani, da karanta iska don kada feshi ya faɗa rijiyar mutane ko kan dabbobin maƙwabci. In ka tashi mallakar naka, sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A lokacin kuma ka riƙa bibiyar tallafin karatu na jiha, don wasu jihohi sun taɓa ɗaukar nauyin ɗaliban tuƙin jirgi.

Bayan damina biyun, in har zuciyarka na nan, ka sake rubuto min da sakamakon gwajin likita da abin da ka tara. A gaida Baba da Inna.