Gajere Ko Dogo: Da Wane Labari Sabon Marubuci Zai Fara?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin rubutun zube, ba a daɗewa sai sha'awar ƙaga nasa labarin ta kama shi. Tambayar da kan biyo baya ita ce: gajeren labari zan rubuta ko littafi sukutum? Ni ma na yi wa kaina wannan tambaya, amma sai bayan na sha wuya.

Ba da Hausa na tashi ba, a makaranta na koye ta. A shekarata ta biyu na ƙuduri aniyar rubuta littafi mai kashi uku, irin waɗanda marubutan Kano kan fitar. Na cika shafi 80, taurarina sun kai 12, amma na rasa ta inda zan ɓullo. Da na kai wa malaminmu, shafi uku kawai ya duba. Ya nuna mini inda tauraruwata ta koma "ya", da inda ƙasa ta zama kasa, da inda na manta da wani tauraro a tasha. Sai ya ce, "Je ki rubuto mini labari a shafi huɗu, amma ki kai shi ƙarshe."

Darasi Daga Magabata

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga ba yawan shafuka ne ke ɗaukaka littafi ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukkansu ƙananan littattafai ne, ga shi har yau ana nazarin su.

Ko Magana Jari Ce, mai littafi uku, gajerun labarai ne aka jera, aka ɗaure su da labarin aku da ɗan sarki. Haka Ruwan Bagaja yake tafiya zango-zango, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna rame wa juna. Ke nan wanda ya iya ginin gajere ya sami tubalin gina dogo.

A zamaninmu ma, gasar Hikayata ta mata zalla, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ta nema.

Yadda Za A Auna Labari

Kafin ka ɗora alƙalami, amsa tambayoyi uku.

Na farko, taurari nawa labarin yake buƙata? In biyu ne ko uku, gajeren labari ya ishe su.

Na biyu, tsawon wane lokaci zai ɗauka? Abin da ya faru a yini guda ba ya bukatar babi 20. Rayuwar mutum daga haihuwa zuwa tsufa kuwa ba za ta shiga shafi huɗu ba.

Na uku, za ka iya faɗin jigonka a jimla ɗaya? In ba za ka iya ba, labarin bai nuna ba tukuna, kuma ƙara masa tsawo ba zai nunar da shi ba.

Ga mu masu koyon Hausa akwai ƙarin dalili. Malami ko aboki Bahaushe zai iya gyara maka shafi huɗu kalma bayan kalma, ya duba jinsi da baƙaƙe masu ƙugiya da dacewar karin magana. Shafi 80 kuwa, sai dai ya ce maka sannu da ƙoƙari.

Kammalawa

Ba ina cewa a guji dogon labari ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ƙare labari fasaha ce ta daban, kuma ba a koyon ta sai an ƙare wani. Daga cikin shafukan nan 80 na ciro tauraruwa ɗaya da dare ɗaya, na rubuta labarin da malam ya nema. Sau huɗu ya dawo mini da shi kafin ya karɓa. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Saboda haka, ɗan'uwa ɗalibi, fara da abin da za ka iya gamawa kafin hutun nan ya ƙare.